Gashin Idon Maigidana

Ranar da ya ce mini ya daina jin sukar, sauƙi ya samu, ko tausayina ya ji? Na tsufa ina tambayar kaina, ban samu amsa ba. Kai mai rubutu, sa shi yadda na faɗa.

Maigidana manomin auduga ne a wani ƙauye kusa da Bakori. Da damina yana gona, da rani ya zauna gindin tsamiya yana saƙa. Ciwon ido ba baƙo ba ne a garinmu, yara ma da kwantsa suke tashi, ƙuda na bin su. Amma nasa ya wuce nan. Fatar idonsa ta naɗe ciki, gashin ya koma yana gogar ƙwayar idon duk ƙiftawa. Ya ce kamar ƙaiƙayin gero aka zuba masa.

Wanzami ya fara gwadawa, ya datse gashin da aska. Da ya tsiro sai ya fito da tsini, ya fi na da azaba. Daga nan maigida ya rantse ba mai sake taɓa masa ido sai ni. Ya sa maƙeri ya ƙera mini 'yar matsefata, ba ta kai ta cire ƙaya girma ba.

Da hantsi, in rana ta sauko tsakar gida, sai in ɗumama ruwa a kasko, in jiƙa sabuwar auduga, in goge masa fatar ido daga wajen hanci zuwa waje, har kwantsar ta saki. Sannan ya ɗora kai a cinyata, in ɗaga fatar da yatsa, in bi gashin ɗaya bayan ɗaya. Dole a tumɓuko shi da saiwarsa. In ya karye, guntun ya fi dogon mugunta.

"A hankali, uwar gida, ba kaza kike figa ba."

"Ai kaza ta fi ka haƙuri, maigida."

"To ita an riga an yanka ta!"

Ya tashi yana hawaye yana dariya, ya koma wajen saƙarsa. Shekaru muka yi a haka, yana ganin zarensa, muna ci muna sha.

Sai ciwon yanar ido ya fara rufe nawa idon. Da fari baƙin gashin nake gani, farin ya ɓace mini. Daga baya duka suka ɓace. Na riƙa kama fata maimakon gashi, ina jin jikinsa ya ɗaure a cinyata. Na koma laluben gashin da bakin harshena, in na ji shi in kai matsefata. Rabi nake karyawa.

'Ya ɗaya Allah ya bar mana, tana aure a Danja. Na aika ta zo. Amma 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, balle ya ɗora kai a cinyarta. Na roƙe shi har da kuka. Ya juya wa bango fuska, ta kwana ta koma.

Wata safiya na ɗauko matsefata, ya riƙe mini hannu.

"Bar shi haka. Ya daina sukata."

Na yarda, ko kuwa na so in yarda. Na ci gaba da wankin kawai. Kafin a sake tsinkar auduga maƙwabta suka ce idanunsa sun yi fari fat. Saƙar da ya fara tana nan rabi, har gara ta cinye ta. Muka zama makafi biyu a gida ɗaya, ni mai ganin inuwa-inuwa ina jan wanda ba ya ganin komai. Bai ƙara yi mini ba'a ba.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, cikin marka. Da jikin ya yi tsanani, 'yan'uwansa suka taru a zaure suna sallama. Na tashi zan ce su shigo, ya laluba ya kama bakin zanena. Na sunkuya, don muryar ta yi ƙasa.

"Tsaya tukuna. Wanke mini ido, kada su gan ni da kwantsa su ce ba ki kula da ni ba."