Mainasara da Kwamfutar Makarantu Uku

Yau Alhamis, 13 ga Maris, 1997. Na tashi da tarin da na kwana da shi, gwiwoyina kuma ba su kai ni masallaci ba. A zaune nake wannan rubutu, a zauren gidana da ke Yelwa.

Ranar Lahadi 9 ga wata Allah ya karɓi ran Malam Mainasara, shugaban cibiyar koyon sana'a ta unguwarmu, bayan gajeruwar jinya. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Na girme shi nesa ba kusa ba, ban taɓa zaton ni zan rubuta ta'aziyyarsa ba.

Mainasara, abin da na sani game da kai shi zan faɗa. Bayan an kafa Jihar Kebbi an yi wa ƙananan makarantun sana'a rabon kaya, rabon kuma ya zo a karkace. Taka ta sami kwamfuta, ba ta da wutar kirki. Ta Wara ta sami janareto, ba ta da abin da za ta kunna da shi. Malamin da ya san na'urar, Zulkiflu, aka tura shi wajen Shanga, inda babu ko ɗaya. Kowa ya kulle nasa a sito, don kada a tambaye shi.

Ka aika wa Malam Garba na Wara ya ba da aron janareto, ya ce shi ya sa hannu a kansa, ba zai bar ƙofarsa ba. Ba ka yi gardama ba. Ka naɗe kwamfutar da bargo da leda, ka shiga jirgin ruwan 'yan albasa, ka ajiye masa ita a ofis. Shi da bakinsa ya gaya mini abin da ka ce: "Ga tawa nan, Malam. Ka riƙe har ɗiyanka su ƙoshi, in ka ga dama ka maido." Da wata ya cika ya maido ta da kansa, janareton na biye. Tun daga nan kayan biyu suke zagaya makarantun uku tare da Zulkiflu, kowa da watansa.

Ni kuwa na daɗe da barin koyar da tafireta, ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa sai mai kawo tuwo. Ka zo da babur ka ce, "Baba, kai ka yi ritaya, yatsunka ba su yi ba." Ka lura cewa jerin haruffan kwamfutar ɗaya ne da na tafireta, don haka a watannin da na'urar take wani gari ɗalibai suke zuwa zauren nan suna horar da yatsu a kan tsofaffin injuna. 'Yan mata da yawa daga cikinsu yanzu suna aiki a ofisoshi.

Duk wannan a kan maganarka ya tsaya, ba a kan umarnin kowa ba. A zaman makoki na ji an ce mataimakinka, Malam Basiru, ba ya son kwamfutar ta sake hawa ruwa, don in ta nutse shi za a tuhuma. Ban ga laifinsa ba. Sai dai wannan watan na Wara ne, ɗaliban can kuma jarrabawa na jiransu kafin damina. Na aika masa, ya ce zai zo yau bayan la'asar ya ji yadda kuka saba yi.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa hannuwan da ka koya wa sana'a su zama shaida a gare ka. Ina yi wa mai ɗakinka Hawwa da 'ya'yanka da Inna mahaifiyarka ta'aziyya, haka malamai da ɗaliban makarantun uku. Allah ya ba su haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

An kira magariba. Tabarmar da na sa aka shimfiɗa tana nan yadda take, Basiru bai zo ba. Jirgin Wara gobe da safe zai tashi.