Ƙarfen Askin Babanmu

Jajibirin sallar layya ne, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, makarantar boko, Kawu Isufu ya sauko Filinge daga Abijan. Ya iske babanmu cikin zaure, madubi fasasshe bisa gwiwa, yana gyaran fuska da ƙarfen askinsa, irin wanda ake murɗe gindi ya buɗe a sa reza. Ƙarfen nan nawa ne, ko da bai zo hannuna ba. Baba ya sha ce mini ran da gemuna ya fito zai ba ni. Ni ke wanke shi in goge da bakin rigata, tsofaffin rezoji kuwa da su nake fiƙe fensir, in yanke wa Inna zare.

Kawu ya zaro wani na roba, shuɗi, mai kai da ake cirewa a jefar. Ya yi ta yabo, wai ba ya yanka, wai manyan ma'aikata da shi suke aski. Baba ya jujjuya shi, ya ce bai yarda da rezar da aka kulle cikin roba ba, tunda ba ya ganinta. Kawu ya yi dariya, ya ɗauki ƙarfen ya jefa aljihu. "Wannan na tsoffi ne, mijin yaya, bari in yar maka." Ƙanen Inna ne, akwai wasa tsakaninsu, kuma da kyauta ya zo. Baba bai iya cewa a maido ba. Ni dai na ga yadda Kawu ya dafe aljihun har ya fita.

Kafin a yanke gero kawunan na robar sun dushe. Aka nema kasuwar Filinge babu, aka yi sautu Baleyara babu. Baba, da bai taɓa bari wani ya riƙe masa haɓa ba, ya koma layin wanzami. Da na ce ƙarfen Kawu ya so tun farko, Inna ta ce zargi nake, ɗan'uwanta alheri ya nufa.

Yanzu kowane kanti cike yake da na robar, mai shago na tura mini wai ya fi taushi. Ba na saye. Na ƙarfe nake aski da shi, na Sin, mai tsatsa. Bara na je gaisuwar rasuwar Kawu, na ga na babanmu bisa tagar ɗansa, a goge tas. Gemuna ya fito har ya yi furfura.