Ƙafafun da Inna Ke Gani

Shekara uku na yi ina karatun ungozoma, amma a ɗakin awo na asibitinmu ba ni mata ke fara gaisarwa ba, sai Inna mai shara. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ka ji su: "Inna, kin ga cikin nan?" "Inna, in sha maganin?" Ni kuwa da farar rigata ina zaune kamar an ajiye tulu. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Shekararta goma sha tara tana goge ɗakin nan. 'Yarta ɗaya tal, jijjiga ce ta kashe ta da cikin fari, bayan an yi wata guda ana cewa kumburin ƙafa ai na kowace mai ciki ne. Tun daga nan, in ta tura tsumma ƙarƙashin benci ta ce a ɗaga ƙafa, ba ƙasan kaɗai take dubawa ba.

Wata Litinin layi ya kai har bakin ƙofa. Inna ta jingine sandar gugarta, ta sunkuyo gefen teburina.

"Sista, matar telan can ta ƙarshe, silifas ya ƙi shiga ƙafarta. Fuskar ma ta kumbura, ta ce kanta na sarawa, tana gani dishi-dishi. Ki auna jininta yanzu."

Na san abin da hakan ke nufi, na ci jarrabawa a kansa. Amma mata uku sun ji ta, suka zuba mini ido su ga ko zan bi maganar mai shara.

"Inna, in kin gama likitancin, banɗaki na jiranki. Kowa ya bi layi."

Ta ce, "To, Sista."

Saura mutum shida a zo kanta, matar ta sulale daga benci tana jijjiga. Inna ce ta riga kowa, ta tallafe kanta, ta juya ta gefe. Muka yi mata allura, muka sa ta a mota zuwa babban asibiti. An ciro jaririn da rai. Uwar ba ta kai la'asar ba.

Inna ba ta gaya wa kowa abin da ya shiga tsakaninmu ba. Bayan sati biyu mahaifiyar marigayiyar ta zo da jaririn a goye, ta wuce teburina, ta riƙe hannun Inna tana kuka tana sa mata albarka. Ina kallonsu, kuma Allah ya sani, har a ranar sai da na ji kishi.