Wai da Hannunsa Bala Ya Rubuta

Jama'a, yau na kama saurayina Bala dumu-dumu!

Ya aiko min wasiƙar ban haƙuri, wai da hannunsa ya rubuta. Haruffa a kishingiɗe, riƙe da juna, gwanin kyau. Bala da rubutunsa kamar kaza ta yi tono? Na juya takardar, babu ko shatin biro a bayanta!

Ban zame ko'ina ba sai shagon Anti Laraba mai buga takardu a Sauka Kahuta.

Na ce, "Anti, wannan hannu ne ko inji?"

Ta ce, "Kwamfuta ce, ƙanwata, irin rubutun katin biki. Ni ma na buga masa." Ta duba sunan da ke sama. "Au, ke ce Hauwa? To wace ce Zainab ɗin da ya sa na buga wa irinta?"