Ramin rinin mahaifina

Shekarun baya, lokacin da na fara koyarwa a lekol, wato makarantar boko, na yi wa mahaifina wani abu da na ɗauka alheri ne.

Mahaifina marini ne a nan Matameye. A da marinar unguwarmu cike take da mutane, amma sannu a hankali kowa ya watse, wasu suka koma noman rake, wasu fatauci. Shi kaɗai ya rage da raminsa guda a ƙofar gidanmu. Kullum da hantsi yana bakinsa, yana tsoma zane cikin shuni, yana ɗagowa, yana matsewa. Ga tsufa, ga ciwon baya. Ni kuwa na zama mushe, kamar yadda ake kiran malamin lekol a nan, ina saka kwat ko da rana na ƙuna, warin ramin nan ya fara ba ni kunya in abokan aiki suka zo gaishe ni.

Sai na tsara magana mai daɗi. Na ce, "Baba, wahalar nan ta isa haka. Allah ya kawo lokacin hutunka. Bari a cike ramin, a gina maka shago a wurin, ka riƙa zama a inuwa."

Ya dubi ramin. Ya ce, "Haka ka gani?"

Na ce haka na gani.

"To, Allah ya yi albarka."

Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Ka tambaye shi ko ya gaji?" Na ce, "Inna, ai ba zai faɗa ba." Na wuce abina. Ranar da magina suka zuba ƙasa da siminti, Baba bai fito ba.

An gina shagon, an jera sukari da sabulu. Yakan zauna a ciki, amma ko mai saye ya yi sallama sai ya maimaita kafin ya ji. Wata rana ina nan wata tsohuwa ta zo tun daga Kurni da farin zane a ƙunshe. Ta ce shi ya rina wa uwarta, shi ya rina mata, yanzu na jikarta ta kawo. Ya karɓi zanen, ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya mayar mata.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Mun daina."

Ta ce, "To wa zan kai wa?" Ya juya ya shiga gyara jerin sabulu.

Ko a nan ban gane ba. Bayan wata uku muna cin tuwo na lura shunin da ya kama hannuwansa tun ina ƙarami ya fita. Da murnata na ce, "Baba, dubi hannunka ya yi fes!"

Ya juya tafin ya duba, ya ce, "I, mushe. Haka hannun wanda ba ya komai yake."

Tuwon nan ban iya ƙarasa shi ba. Na ce a haƙa wani ramin a bayan gida. Ya ce a'a, sabon rami sai ya yi shekara da shekaru kafin ya san shuni, shi kuma ba shi da waɗannan shekarun. Gaskiyarsa. Damina biyu ya ƙara a duniya.

Bai taɓa yi mini faɗa a kan abin ba, kuma wannan ya fi komai damuna. Na koyi cewa za ka iya raba mutum da abin da ke riƙe da shi, kana ce masa hutu ka ba shi. Yanzu ba na yanke wa tsoho hukunci sai na ji daga bakinsa.

Kwanaki 'yata ta dawo daga lekol, an ce kowa ya rubuto sana'ar gidansu. Na ce mata rini. Ta buɗe littafinta, ta ɗauki biro, ta ce, "To Baba, da me ake farawa?"

Na buɗe baki, na tarar ban sani ba.