Tuwon da Asabe Ba Ta Ci Ba

Da asubar ranar na dama kunun gyaɗa. Na zuba na Malam, mijina, na zuba na ɗanmu Habu, sannan na ware ƙwarya guda na ƙara mata nono da ɗan zuma. Wannan ta Asabe ce, matar Habu. Na ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, na yi gyaran murya, na wuce. Haka muke yi kullum.

Asabe Bafulatana ce daga wani ƙauye yamma da birni. Cikinta na fari ya kai wata biyar. Ita ba ta faɗa ba, ni ban tambaya ba, amma na haifi bakwai, ba a ɓoye mini ciki da mayafi. Tun da aka kawo ta gidanmu a Yakasai ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. Ko ruwa take sha, in ta ji takuna sai ta dire moɗa. Ni kuwa har bakin alfahari nake yi da ita a gidan suna, in ce surukata ta fi ta kowa kunya. Abin da na sani shi ne ƙwaryar tana dawowa a wanke, kuma kumatun yarinyar sun ciko.

Kwana uku ke nan ana cewa Nasara, wato Turawa, na tafe da yaƙi. Habu baduku ne a Kasuwar Kurmi, allura da fata ya sani. Ya sha kununsa a tsaye, ya ɗauki bakan da bai taɓa harbin ko gafiya da shi ba, ya bi mazan unguwa zuwa ganuwa.

Da hantsi muka ji ƙara ta farko daga wajen Goron Dutse. Ƙasa ta motsa a tafin ƙafata. Ruwan randa ya yi rawa. Na ƙirga uku, na daina ƙirge. Daga nan sai wata ƙarar ta biyo, mai sauri, kamar luguden matan da ba sa gajiya. Karnukan unguwa suka yi tsit.

Kafin rana ta take tsaka Habu ya faɗo zaure, kafaɗarsa ta dama jina-jina.

"Sun shigo! A fita!"

Muka ɗora wa jaki taikin gero biyu, da tukunya, da tabarmi biyu. Wake da man shanu da daddawa duk muka bari. A bakin lungu na ga maƙwabcinmu mai sayar da goro kwance rub da ciki, takalminsa ɗaya a gefe. Ban ga wanda ya harbe shi ba. Muka tsallake shi.

A Ƙofar Mata duk Kano ke son fita lokaci ɗaya. Ihu, kukan yara, kukan jakuna. Na sa Asabe a gabana, na kare cikinta da hannuwana biyu. Aka bangaje jakin, taiki ɗaya ya faɗi ya fashe. Na sunkuya zan tara.

"Bar shi!" in ji Malam.

Na bar shi. Rabin abincinmu ya tafi a ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Hanyar gidan su Asabe ita ce hanyar da yaƙin ya biyo, don haka gabas muka nufa. Kwana biyu muna tafiya. A wani ƙauye wani manomi ya ba mu aron rumfar kara guda ɗaya. Mu huɗu a ciki. Babu ɗaki, babu ƙofa, babu ko zanar da mutum zai ɓuya a bayanta. Ƙafar Malam ta kumbura, ba ya fita. Ni ina kan ciwon Habu, ina wankewa ina ɗaurewa.

Sau ɗaya nake tuƙa tuwo a rana, bayan azahar, da miyar kuka mai ruwa tsululu. Ni ce mai rabo. In ba Malam, in ba Habu da ɗan ƙari saboda jinin da ya zubar, in miƙa wa Asabe nata. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta rufe da faifai, ta koma lungun rumfar ta ba mu baya. Da safe in ga akushi a wanke. Ban tambayi komai ba. Har na faɗa wa matar manomin cewa ko gudun hijira bai cire wa surukata tarbiyya ba. Bakina ne ya faɗi wannan, kuma har yau ina jin haushinsa.

Ranar kwana ashirin da uku, da hantsi, ta faɗi a bakin rijiya. Matan ƙauyen suka ɗauko ta ranga-ranga. Da na sassauta mata zani don ta sha iska, sai wani ƙulli ya warware. Gutsattsarin tuwo ne, busassu, wasu har sun yi funfuna. Loma ɗaya ko biyu take ci a hanyar rijiya, in babu mai kallo. Sauran ta ƙulle, tana jiran lokacin da za mu bar rumfar. Ba mu taɓa barin rumfar gaba ɗayanmu ba.

Na yi mata faɗa, na yi wa kaina. Na ce wace irin wauta ce wannan, mutum da juna biyu ya zauna da yunwa abinci na ƙugunsa? Kanta na ƙasa. Da ƙyar na ji muryarta.

"Inna, babu inda zan ci."

Na kori Malam waje da kumburarriyar ƙafarsa, na ce ya je ya ja carbinsa a gindin kuka. Na kori Habu. Na jiƙa tuwon jiya da ke cikin ƙullin, na dire a gabanta, na juya fuskata ga kara.

"Ci."

Ta ci, tana kuka. Amma geron da ya rage bai fi na kwana biyar ba. Bayansa sai dusa, sai goriba da aduwa, sai abin da mutanen ƙauyen suka sammana, su ma ba su da shi. Na riƙa haɗa mata da rabona. Ƙafafunta suka kumbura, wuyanta ya rame, cikin kuwa ya tsaya inda yake. Kunya ta ƙare tsakaninmu, kullum sai na ɗora hannu in ji motsi. Akwai shi, amma kaɗan.

Bayan wata biyu aka ce gari ya lafa, muka koma. An ɓalle ƙofar gidan, an share rumbu tas. Habu ba ya iya riƙe allura tukuna. Muka ci gaba da ci sau ɗaya.

Ta haihu da ruwan farko, watanta tara cif. Namiji. Ungozoma ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta dube ni. Fatar cinyarsa a tattare take kamar ta tsoho. Kukansa ba ya kaiwa tsakar gida. Aka raɗa masa suna Abdullahi. Na dama kunun kanwa, na nemo ƙaurin sa, na yi duk abin da ake yi wa mai jego, nono bai kawo sosai ba. Wata maƙwabciyarmu da ba ta gudu ba ta haihu a satin nan. Da suka yi wata uku, nata yana ƙoƙarin zama, namu bai riƙe wuya ba.

Watansa huɗu da kwana tara. Ina goye da shi bayan la'asar ina tankaɗe. Ban san lokacin da ya cika ba, don dama ba na jin nauyinsa a bayana. Kamu ɗaya na alawayyo ya ishe shi likkafani, har da saura.

Asabe ta haifi biyar bayansa, duk sun girma, ƙarti. In aka tambaye ta 'ya'yanta, biyar take cewa, don ba a ambaton ɗan fari. Ni shida nake cewa.