Famfon da Goggo Ta Buɗe

Goggona, yayar babana, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin hanya a Moshi Zongo, ƙarƙashin wata rumfar kwano da mijinta ya kafa mata kafin ya rasu. Abu biyu aka san ta da su a unguwa: kokonta mai citta, da kwaikwayon mutane. In ka zo rumfarta sau biyu, to ta ɗauke tafiyarka da muryarka. Tana yin liman in yana gyaran murya, tana yin mai kifin da ta zo daga kudu tana ciniki da karyayyiyar Hausa, tana yin ni kaina in na tashi da fushi. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Wasu ma roƙonta suke, su ce, "Goggo, yi ni mu gani."

A shekarar da nake ba da labari, ruwa ya yi mana wuya ƙwarai. Sai a yi makonni famfo bai ɗiga ba. Motar tanka muke jira, kowa da galan-galan ɗinsa a jere a ƙofar gida. Ana cikin haka aka ce ɗan majalisar unguwarmu, wanda kowa ke kira Onarebul, ya samo mana sabon famfo a bayan masallaci. Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, makaɗan Dagomba suka zo, wani babba daga ofishin hukuma ya iso da farar mota. Onarebul ya yanka ƙyalle, ya murɗa kan famfo, ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa. Kwana biyu bayan haka, in ka murɗa sai ka ji iska tana huci kawai. Aka yi ta cewa daga wani tanki da aka ɓoye bayan katanga ruwan ranar ya fito. Ni dai ban gani da idona ba.

Onarebul yana da wata magana da ba ya rabuwa da ita. Duk alkawarin da zai yi, sai ya dafa hularsa ya ce, "In Allah ya yarda, ni ma na yarda."

Wata rana bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, mu matan haya, muna mitar ruwa, sai Goggo ta shiga ɗaki ta fito sanye da batakarin marigayi mijinta, wato rigarsa ta saƙi, da hularsa, ta cusa matashi a ciki ya zama tumbi. Ta sa mata biyu suka riƙe mata ƙyallen atamfa, ta karɓi almakashina ta yanka. Ta yi jawabi da Turanci da Dagbani da Hausa a cakuɗe, yadda yake yi. Sannan ta tafi wurin busasshen famfon gidanmu ta murɗa, ta tara kofi, ta kafa kai ta shanye iska, ta yi gyatsa.

"Kai, ruwan nan akwai sanyi," in ji ta. "Kowa galan biyu-biyu, kar a yi rububi. Wanda bai samu yau ba, gobe akwai. In Allah ya yarda," ta dafa hula, "ni ma na yarda."

Wata mata har da zama a ƙasa don dariya. Ni kuwa wayata na hannuna, na ɗauki komai. Na tambaye ta ko in sa mutane su gani, ta ce, "Sa mana, ai ba zagi na yi ba." Na tura wa 'yan uwa da ƙawaye a Watsap, na kuma ɗora a shafina na Fesbuk.

Kwana uku muka yi muna jin daɗi. Lokacin ina da kwantena, wato shagon ƙarfe, a Kaladan inda nake ɗinki, kuma duk yalo-yalon da na shiga, wato keken haya mai ƙafa uku, sai na ji wani yana kallon Goggo a waya. Direbobi in fasinja ya nemi ragi sai su dafa kai su ce sun yarda. Kokon Goggo kafin rana ta ɗaga ya ƙare.

Rana ta huɗu da safe ina taya ta juya ƙosai, wani mutum ya zo da farar riga mai guga sosai. Ba ɗan unguwa ba ne. Ya gaishe ta da Dagbani, ta amsa, ya zauna a benci ya ce a zuba masa koko. Aka miƙa masa, ya ajiye kofin a gefensa bai kai baki ba. Ya daɗe yana kallon rumfar, daga ginshiƙi zuwa kwano, kamar mai son saye.

"Hajiya, kin yi suna," ya ce.

"Wane suna, ɗana? Wasa ne na tsakar gida."

"Wanda ya ɗauka ma ya iya. Hannunsa bai yi rawa ba." Sai ya juyo ya dube ni. "Ke ce mai ɗinki a Kaladan ko?"

Ban gaya masa ba, kuma ba wanda ya ambaci sana'ata a wurin. Na ce eh. Ya gyaɗa kai, ya biya, ya tafi ya bar kokon yana tururi. Goggo ta mayar da shi cikin robar wanke-wanke, amma na ga ta bi shi da ido har ya sha kwana.

Washegari 'yan tankas suka zo, wato masu duba-gari. Masu abinci biyar ne a jere a bakin hanyar nan, amma kai tsaye wurin Goggo suka nufa. Suka nemi takardar asibiti ta masu sayar da abinci, ta ciro ta daga cikin leda ta ba su. Suka juya ta gaba da baya, ba su ga aibi ba. Sai ɗayansu ya nuna kwatar da ke gefen rumfa ya ce ta toshe, kuma ba a sayar da abinci kusa da ƙazanta. Kwatar nan ta ofis ce, shekaru ke nan muna roƙon a yashe ta. Goggo ta faɗi haka. Biyu suka kama tukunyar koko suka juye ta a cikin kwatar, suka ɗora ta a bayan mota tare da kaskon suya. Wani ya fito da gwangwanin jan fenti ya yi babban gicciye a jikin kwanon rumfa, ya rubuta a cire.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun mutane. Waɗanda jiya suke dafa kai suna dariya, suna tsaye a tsallaken hanya, kowa ya sa ido a wayarsa.

A makon nan motar tanka ta daina shigowa layinmu. Muna ganinta tana wucewa ta bakin titi, muna ɗaga hannu, direban ya kau da kai. Da wata daga cikin matan gidanmu ta bi shi ta tare shi, sai ya ce, "'Yar'uwa, ni ma ina da iyali. An ce in na shiga layinku za a duba takarduna." Daga nan fuskoki suka canza a tsakar gida. Matar da ta zauna a ƙasa don dariya ta daina amsa gaisuwar Goggo da kyau. Mai gidan hayar ya kira ni gefe ya ce an fara tambayarsa izinin ɗakuna biyu da ya ƙara tun kafin a haife ni.

Na goge bidiyon daga shafina, amma me wannan zai yi? Ya riga ya shiga wayoyin da ban san masu su ba. Ran Litinin na je Kaladan na tarar da jan gicciye a ƙofar kwantenata, fentin bai gama bushewa ba, yana gangarowa kan kwaɗon.

Wani dattijo a unguwa, abokin marigayi mijin Goggo, shi ya shiga tsakani. Ya je ya dawo sau biyu, sannan ya ce an yarda a gan mu a ofis. Ya ce wa Goggo, "Duk abin da aka ce, ki ce to. Kar ki yi musu." Shi da kansa bai raka mu ba, ya ce ƙafarsa tana ciwo.

Tun hantsi muke zaune a benci a barandar ofis, har aka kira azahar. Goggo ba ta taɓa zama shiru na tsawon haka ba a gabana. Da aka shigar da mu, Onarebul na zaune a kujera mai taushi, babban nan na ranar buɗe famfo yana bayan tebur yana rubutu, mai farar rigar nan da ya zo rumfar Goggo kuma yana tsaye jikin taga. Ba a ce mu zauna ba.

Onarebul ya yi murmushi. "Mma, sannu da zuwa. Ni ɗanki ne. Tun ina makaranta nake shan kokonki, ko kin manta?"

"Ban manta ba."

"An ce kin iya ni. Ni a waya kawai na gani, kuma wayata ƙarama ce. Yi mana a nan mu gani."

Goggo ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Kuskure ne."

"A'a, ba faɗa ba ne. Yi kawai."

Ta dube ni. Ban iya haɗa ido da ita ba. Ya sake cewa ta yi, wannan karon ba murmushi. Sai Goggo, mace mai shekara sittin da wani abu, ta gyara mayafinta, ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta yanka ƙyallen da babu, ta murɗa famfon da babu. Da ta zo wurin dafa hula, hannunta ya tsaya a sama, ta kasa ƙarasawa. Ba wanda ya yi dariya. Fankar sama kawai ake ji, da alƙalamin babban da bai ɗago kai ba ko sau ɗaya.

"Ashe ma ba ki iya ba," in ji Onarebul.

Mai farar riga ya karɓi magana. Ya ce akwai doka a kan yaɗa labarin ƙarya da ke tayar da hankalin jama'a, kuma in aka miƙa maganar ga 'yan sanda, ba mai wasan kawai za a riƙe ba, har da wadda ta ɗora. Amma, in ji shi, Onarebul mutum ne mai tausayi. Ya miƙo takarda da aka riga aka rubuta. Goggo ba ta karatun boko, don haka shi yake faɗa tana maimaitawa: cewa famfo yana kawo ruwa, cewa 'yan adawa ne suka zuga ta, cewa tana neman gafarar Onarebul da jama'a. Ni aka sa na ɗauka, da wayar da na ɗauki na farko, aka kuma ce in ɗora a shafina kafin mu fita. Sau uku aka sake, don an ce fuskarta ba ta nuna nadama ba.

Da na gama, mai farar riga ya miƙo hannu. "Kawo in ga ko ya fita da kyau."

Wayar a buɗe take. Na ba shi. Bai kalli bidiyon ba. Ina tsaye ina ganin yatsansa ya shiga Watsap, yana buɗe hirarrakina ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukar hoton fuskar wayata da tasa wayar. A wani wuri ya danna saƙon murya, sai ga muryar wata ƙawata ta cika ɗakin. Tare muka yi makaranta, tana da kwantenar kitso a Gurugu. Dariya take har tana shiɗewa, tana cewa gobe ita ma za ta buɗe wa mutanen Gurugu wutar lantarki ta iska, ta kuma kira Onarebul da wani suna da ba zan rubuta ba. Ya bari saƙon ya kai ƙarshe. Sannan ya mayar mini da wayar da hannu biyu, ya ce mu gaida gida.

Bayan kwana uku aka dawo wa Goggo da tukunyarta, gefenta a lotse. Aka ce za mu iya shafe jan fentin da kanmu. Tanka ta dawo layinmu. Mutane suka kalli bidiyon neman gafara, ba wanda ya yi mana maganarsa, sai dai dattijon nan da ya ce mun yi hankali.

Na so in kira ƙawata tun a ranar. Na ciro lambarta ban san sau nawa ba. Ina gaya wa kaina wataƙila ba abin da zai faru, me zai sa in tayar mata da hankali a banza? Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma ina tsoron kada a ce ni na tona abin da ya faru a ɗakin nan.

Mako biyu bayan haka aka zo da babbar mota aka ɗauke kwantenarta da safe, da madubanta da kujerunta a ciki. Aka ce ta shiga filin hanya. Kwantenoni bakwai ne a layin, tata kaɗai aka ɗaga.

Na same ta a gidan yayarta, tana yi wa wata kitso a baranda, a kan tabarma. Ta ce wa matar ta ɗan shiga ciki, sannan ta ce in zauna. Ta rame. Ta ce da ta je bin kayanta, wani mai farar riga ya tambaye ta yaya aikin wutar lantarki.

"Mutum ɗaya na tura wa wannan maganar," ta ce. "A wayarki suka ji?"

Na ce eh. Na gaya mata komai, har da benci da takarda da sau ukun da aka sake.

"Yaushe?"

"Mako biyu ke nan."

Ta daɗe tana cire gashi daga haƙoran matajin da ke hannunta. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba.

"Da kin faɗa mini, da na kwashe madubaina," ta ce. Sannan ta miƙo hannu. "Kawo wayar."

Na ba ta. Ta nemo sunanta ta goge lambar, ta goge hirarmu ta shekaru, ta mayar mini. Ta tambayi jikin Goggo, na ce da sauƙi. Ta ce in gaishe ta, ta leƙa ciki ta kira matar ta fito su ƙarasa kitso.